Buhu Mai Hula

Na sha wahala a tuƙi, ba kaɗan ba. Wanda bai taɓa zama tasha yana jiran lodi ba, da motar da ba tasa ba, da iyali a gida suna jiran cefane, ba zai gane abin da nake faɗi ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Sitiyari na iya, shi kaɗai.

Shekarun da aka ba mu jihar Kebbi, ana ta murna a rediyo, ni ina Yelwa ina jan wata tsohuwar babbar mota, roka mai bodin katako. Ta maigidana ce, wani dattijo mai shagon hatsi. A shekarun ne man gas ya yi wuya. Gidan mai a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin titi da jarkoki, kuɗin safe daban, na yamma daban. Na yi tafiya biyu a jere ban kawo wa maigida balas na kirki ba. Da na dawo ta biyun ya kira ni zaure, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Direba, ni ba sadaka na buɗe ba. Saura guda. In ka koma kawo mini labari maimakon kuɗɗi, ka haɗo da makulli."

Makullin nan shi ne tuwon gidana. Mata, 'ya'ya, da Inna da ƙafa ta kwantar, duk a kansa suke. Kuma a shekaruna, in aka karɓe maka makulli a Yelwa, kowa zai ji, babu mai mota da zai sake kallonka.

Lokacin babu wayar hannu. Kuɗin lodi a baki ake jin sa, kuma kowane baki da abin da yake nema. Ɗan kamasho, wato mai haɗa direba da mai kaya ya ci la'ada, in ya juyo wurinka sai ya ce kasuwa ta faɗi, in ya juya wurin mai kaya sai ya ce mota ta yi tsada. Direban da ya dawo daga Kudu kuwa ba zai taɓa cewa an cuce shi ba. Ko da asara ya dawo, zai zauna teburin mai shayi ya ce a fasa masa ƙwai, ya faɗi kuɗin da bai karɓa ba. Mun san haka duka. Amma in yunwa ta kama ka, abin da kake so ka ji shi kake ɗauka.

Bazara ce, lokacin albasa. Rana tana dukan kwanon tasha kamar da gayya. Na daɗe a layi, lodi bai zo kaina ba. Karen motata ba yaro ba ne, taubashina ne, ɗan kawuna, ya ma girme ni, furfura har a gemu. Ya gwada noma, ya gwada kamun kifi, ya gwada sayar da goro, babu wanda ya karɓe shi, shi ne na ɗauko shi. Bakinsa ba ya hutawa.

"Bawana," in ji shi, yana kwance ƙarƙashin mota, "motar ga ta kusa yin saiwa. In anka yi ruwa sai mu shuka gero a bodi."

"Tsohon kare, rufe mini baki."

"Ai yunwa ta riga ka. Ba ni da ƙarfin buɗe shi ma."

Ranar ne wani direba ya shigo daga Badun, can ƙasar Yarbawa, ya zauna wurin mai shayi ya baje. Ya ce albasa ta yi daraja a can. Ya ce a Wara, bakin ruwa, 'yan tsibiri sun tara albasa har ta rasa wurin zama, babu mota ko guda. Ya ce kowane buhu a kan naira ɗari biyu ake ɗauka, in ka iya riƙe wuya ma a ƙara maka.

Na ce, "Da idonka ka gani?"

Ya ce, "Ƙanen matata shina can. Shekaranjiya ya faɗa mini."

Na koma gefe na yi lissafi da yatsu. A ɗari biyu, in na cire mai zuwa da dawowa, na cire na kan hanya, na cire la'ada, abin da zai saura ya isa in shiga zauren maigida da kaina a sama. Man da ke tanki zai kai ni Wara, amma ba zai dawo da ni ba. Taubashi ya ce mu ƙara tambaya. Na ce in muka tsaya tambaya wani zai riga mu. Muka bar layinmu da muka daɗe muna gadi, muka ɗauki hanya da bodi wayam.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ba ni kaɗai ke da kunne a teburin mai shayi ba. Kuma mutumin ya yi wannan surutu a Kontagora kafin ya iso wurinmu. Da muka sauka daga kwalta muka bi burji, muka iso Wara da hantsi, sai ga manyan motoci a jere a bakin ruwa, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a inuwar tayoyi. Wasu na san su, wasu baƙi.

Taubashi ya leƙa ta taga ya ce, "To. Ga babu mota ko guda ɗin nan."

 Na nemi wuri a ƙarshen layi na tsayar da mota.

Albasa akwai ta, wannan bai yi ƙarya ba. Amma masu ita sun ga motoci sun fi kaya yawa, sai suka zauna suka miƙe ƙafa. Ɗan kamashon wurin wani siriri ne mai jan ido, da carbi a hannu ba ya ja, kaɗa shi kawai yake. Na gaishe shi, na ce ɗari biyu na ji.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wa ya faɗa maka? Wancan kuɗɗin satin jiya ne, Malam direba. Ya mutu, an yi mai sutura. Yau ɗari da ashirin, kuma ana rububi."

Kwana na yi ina ƙi. Washegari na ga mota biyu sun yi lodi a kan wannan kuɗin sun tafi. Garin kwakin da muka zo da shi ya ƙare. Taubashi ya shiga cikin masunta da surutunsa ya samo mana ƙananan kifi, muka gasa muka ci ba gishiri. Komawa Yelwa babu mai. Zama babu abinci. Kuma kowace rana da ta faɗi, ina jin muryar maigida a kunnena.

Rana ta gaba ɗan kamasho ya yafuto ni. Ya ce ga wani Alhaji, falken albasa, yana da buhu ɗari da hamsin zuwa Badun. Mutum ne mai jiki, da haƙorin Makka, yana zaune kan kujera a rumfa ana yi masa fifita.

"Ɗari da ashirin," in ji Alhajin.

"Albarka, Alhaji. Mai kaɗai zai cinye wannan."

"To tashi. Ga wancan mai jar mota, tun jiya shika roƙona."

"Alhaji, dubi Allah. Ɗari da sittin."

"Kai ka dubi motarka. Wagga ko akuya anka ɗaura mata sai ta yi nishi."

Mutanen rumfa suka kwashe da dariya. Na haɗiye. Muka ja, muka ja, ɗan kamasho yana shiga tsakani, ya raɗa mini, ya raɗa masa. Aka tsaya ɗari da arba'in. Na sake lissafi a zuci. Babu riba ta a-zo-a-gani, amma in na samu kayan dawowa, ko katako ko manja, zan iya ajiye wa maigida abin da zai sa ya bar mini makulli. Buhu ɗari da hamsin kuwa motata ta saba ɗauka.

Na ce, "Ina kayan?"

Alhaji ya nuna ruwa da haɓa. "Suna tsibiri. Jirage na tahe da su bayan azahar."

A sana'armu, in ka ce ka sallama a gaban ɗan kamasho da shaidu, magana ta ƙare. Mai kaya zai ba ka kuɗin mai a take, ɗan kamasho ya zare la'adarsa, a shafa fatiha. Daga nan babu mai janyewa, in ka janye kuma sunanka ya ɓaci daga nan har Jega. Na ce na sallama. Aka shafa. Ko zama ban yi ba, na nufi wurin 'yan bumburutu, don an ce da yamma za su ƙara kuɗi. Na juye kuɗin Alhaji kaf a tanki. Ban rage ko na goro ba sai ɗan abin da muka sayi tuwo da shi.

Bayan azahar jirage suka fara isowa. Ruwa ya ja baya a lokacin, sai an taka laka kafin a kai gare su. Ina tsaye ina kallo, sai na ga buhu guda 'yan dako uku ne suke kokawa da shi. Na matsa kusa.

A Yelwa buhun albasa a baki ake ɗinke shi, ya cika ya tsaya nan. Waɗannan kuwa an cika su, an sake tula albasa a sama, an kawo wani rabin buhu an kifa an ɗinke. Hula muke ce masa. Kowane guda ya kai kafaɗata. Buhu da rabi ne aka ba shi sunan buhu. Tunda kuɗin mota da harajin hanya duk a kan buhu ake biya, masu kayan wajen suka koyi ɗinka hula. Direbobin da suka saba Wara sun sani, su kan tambaya kafin su buɗe baki. Ni lodin Yelwa na saba. Kuma duk kuɗin da aka yi ta faɗa mini, daga mai shayi har rumfa, babu wanda ya ce wane buhu.

Na koma rumfa da gudu, laka har gwiwa.

"Alhaji, wanga ba buhu ba ne!"

"Mi ne ne, in ba buhu ba? Tukunya?"

"Ba a kan mai hula na sallama ba."

"Ka ce maras hula? Jama'a, kun ji ya ce maras hula?"

Babu wanda ya ji. Na juya wurin ɗan kamasho. Ya kaɗa carbinsa ya kalli ruwa. "Malam direba, nan buhunmu ke nan. Kowa ya sani. In ba ka so, mayar mai da kuɗɗinai, ga motoci."

"Kuɗɗin na tanki."

"To ka gani."

Na ce a rage buhu hamsin, in ɗauki ɗari. Alhaji ya ce in ɗari zan ɗauka, kuɗin ɗari zai biya, kuma ragowar wa zai kai masa? Kuɗin ɗari ko man dawowa ba zai saya ba. Na roƙe shi. Ni da furfurata a kai na durƙusa gaban mutum a kan albasa, na ce ya ƙara ko goma-goma saboda hula. Ya ce shi ma bashi ya ci ya saya, kuma ban san abin da ake karɓa a hannunsa a hanya ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa. A lokacin ban damu da gaskiyarsa ba.

Taubashi ya ja ni gefe. Karon farko da na ga bai yi wasa ba. "Kada ka ɗauka. Ba ta iyawa. Ni nika shiga ƙarƙashinta, na san sifirin na baya, ɗaure shi munka yi."

"In ban ɗauka ba in yi yaya? In yi aman man?"

"Mu tafi mu faɗa wa maigida gaskiya."

"Gaskiya ya ce in kawo mai, ko kuɗɗi?"

 Sai ya ce, "To Allah shi kai mu. In ta kashe mu dai kai za a tambaya, ni kare ne."

Aka yi lodi har la'asar sakaliya. Ina jin kowane buhu a ƙirjina. Bodi ya cika, aka hau sama, aka ɗaure da igiya. Motar ta zauna a kan tayoyinta kamar saniya mai ciki, gefen hagu ya fi sauka. Sauran direbobi suka taso suna kallo. Wani ya ce, "Malam, wagga Badun za ta ko lahira?" Ban kula shi ba.

Muka kwana a wurin, da asuba muka tashi don mu ci burji kafin rana. Giya ɗaya, giya biyu, ban wuce nan ba. Kowane rami sai na tsaya na lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Katakon bodi yana kuka. Ina ta salati, ina ce mata, haba 'yar albarka, kai ni kwalta kawai, in mun hau kwalta mun tsira. Mun wuce ƙauyukan Kambari, mata da kaya a kafaɗa suna matsawa gefe suna kallonmu. Har na fara jin sanyi a raina.

Akwai wani ɗan kwari da ruwan damina ya cinye, busasshe, da gangara da hawa. Na sauka lafiya. A hawan ne na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashina. Motar ta karkata hagu, sitiyari ya fizge, na danne birki da ƙafa biyu. Igiya ta tsinke, buhunan sama suka zubo, huluna suka fashe, albasa ta bi gangara tana gudu.

Na sauko. Taubashi ya riga ni shiga ƙarƙashi. Ya fito da ƙasa a gemu, ya nuna mini da hannu. Sifirin, ƙarfen da ke riƙe nauyin bodi, ya karye gida biyu, bodi ya zauna kan taya.

Na zauna a ƙasa. 

Rana ta fito. Albasa ba ta son zafi, ba ta son rauni, kuma ta samu duka biyun. Kafin azahar wari ya fara tashi. Mu biyu muka yi ta tsince wadda ta watse muna tarawa a inuwar wata bishiyar ƙirya, kamar hakan zai gyara wani abu. Wasu manoma suka zo suka taya mu, suka kawo mana ruwa a ƙwarya. Wani mai keke ya kai labari Wara.

Alhaji ya iso a cikin jar motar nan, da ɗan kamasho, da 'yan dako. Ya sauko yana salati yana zagi a haɗe. Ya kira ni macuci, ya kira motata akwatin gawa. Na ce, "Alhaji, hularka ta karya ta." Ya ce, "Bakinka ya karya ta, ni na ce ka sallama?"

Ɗan kamasho ya yanke hukunci a tsaye. Za a juye kaya a jar mota, iya abin da za ta ɗauka, saura a sake nemo wata. Asarar albasa Alhaji ya yafe, don ya san ko an sayar da ni ba za a biya ba. Amma man da aka saya da kuɗinsa, nasa ne, zai bi kayansa.

Ni na sa tiyo a tankina. Ni na zuƙa da bakina har gas ya cika mini maƙogwaro, na tofar, na sa a jarka. Jarka ta cika, taubashi ya kai wa mai jar mota, ya dawo da ita wayam, na sake zuƙa. Mai jar motar yana tsaye yana cewa a karkata tiyon, akwai saura a ƙasa. Har yau in na ci albasa ɗanya, gas nake ji.

Da suka tafi, na bar taubashi gadin mota. Na ce zan aiko da abinci. Ya ce, "Kada ka damu, bawana. Ga albasa, ga albasa, ga kuma albasa. Sarki ma bai fi ni ba." Ya yi dariya, ni na kasa.

Na samu wata a-kori-kura ta kai ni kwalta, wata ta kai ni Yelwa. Ban biya gida ba. Na san in na ga Inna ba zan iya fita ba. Na wuce zauren maigida, na same shi ya idar da sallar magariba yana lazimi. Na zauna bakin ƙofa har ya shafa. Warin gas da albasa ya riga ni gaisuwa.

Na faɗa masa duka, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya saurara yana kallon tabarma.

"Nawa anka ce maka a tasha?"

"Ɗari biyu, ranka shi daɗe."

"Nawa ka ɗauka?"

"Ɗari da arba'in."

"Nawa ka kawo?"

Na nuna masa tafin hannuna wayam.

Ya ce, "Ban ce ka ci amanata ba. Na san ba ka sata. Amma motar ga ita ma marayu take ciyarwa, 'ya'yan ƙanena." Ya miƙo hannu, tafin a sama.

Na ce, "Ranka shi daɗe, Inna na kwance. Ka ba ni tafiya guda. Guda tak. Ko ba albashi."

Hannun bai janye ba. Na ciro makullin daga aljihu, igiyar da na ɗaura masa ta yi baƙi da gumina, na sa masa. Ya tura shi ƙarƙashin buzu. Sannan ya ce gobe bakanike zai tafi da wani sifirin, da wani direba da zai jawo motar, amma ba su san wurin ba. Ya ce in na ga zan iya, in raka su. Ya ba ni kwanon gero in kai gida.

Matata ta karɓi geron ba ta tambaye ni komai ba. Inna ta kira ni daga ɗaki ta ce, "Kai ne? Ban ji kukan mota ba." Na ce tana wurin gyara.

Da gari ya waye na yi sallah, na sa matata ta ɗaure mini tuwon jiya a leda saboda taubashi. Na je garejin bakanike, na tarar an ɗauko hayar a-kori-kura. Sabon direban yana gaba, kusa da mai a-kori-kura, ni na hau baya na riƙe sifirin a cinya don kada ya yi ta buga bodi. Da muka tsaya shan ruwa a mararraba, na sauko na zagaya wurin tagarsa. Na ce masa in ya hau rokar, giya ta biyu tana fita a gangara, sai ya riƙe ta da hannu, kuma kada ya yarda da birkin hannu, ya sa dutse. Ya ce ya ji. Na koma baya na ɗauki sifirin, muka sauka burji.